Jirgin jan masu zamiya a ruwa: mai sauƙin kuɗi ko na manyan kamfanoni?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe da sanin jiragen da ake jan masu wasan zamiya a kan ruwa da su, domin ni da iyalina mun yanke shawarar mallakar namu maimakon haya, amma na tsaya tsakanin hanyoyi biyu na kasa zaɓa. Ta farko ita ce in sayi sabo ko kusan sabo daga cikin masu sauƙin kuɗi, irin su Moomba ko Axis. Ta biyu kuwa ita ce in ɗauki wannan kuɗin dai in sayi na hannu wanda ya kwana biyu daga manyan sunayen nan uku da kowa ke ambato, wato Nautique da MasterCraft da Malibu.

Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce mini araha ba ta ado, amma har yanzu babu wanda ya nuna mini takamaiman abin da ke lalacewa a jikin mai arahar wanda ba ya lalacewa a jikin mai tsadar. Abu biyu nake son sani. Shin da gaske ne jirgi mai sauƙin kuɗi ya fi yawan zaman gareji? Sannan idan na tashi sayarwa bayan wasu shekaru, wanne ne ba zai sa ni faɗuwa mai yawa ba? A tafki mara gishiri za mu riƙa amfani da shi, yawanci don jan yara da baƙi, ni kuma ina koyon zamiya a kan katako ɗaya, ina fata wata rana in iya zagaya alamomin da ake jerawa a kan ruwa kamar yadda ake yi a gasa.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in ɗauki tambayarka ta farko, domin nan ne sana'ata take.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yawancin masu sauƙin kuɗin nan 'ya'yan manyan gidajen ne. Axis na kamfanin Malibu ne, Moomba kuma kamfanin Skier's Choice ne ke ƙera shi tare da Supra, wanda shi ne mai tsadarsu, haka nan MasterCraft na da nasa jerin mai rangwame da ake kira NXT. Idan ka ɗaga murfin inji za ka tarar tushen ɗaya ne, domin kusan dukansu injinan manyan motoci ne masu silinda 8 na General Motors ko Ford, waɗanda kamfanoni irin su PCM da Indmar da Ilmor ke gyara wa zama su dace da aikin ruwa. Injin Indmar da ke cikin Moomba danginsa ne ke cikin Supra. Saboda haka wanda ya ce maka injin mai araha zai riga mutuwa don kawai jirgin mai araha ne, bai faɗa maka gaskiyar yadda ake haɗa su ba.

Abin da ke kashe injin jirgi sakaci ne, kuma sakacin iri ɗaya ne a ko'ina. Akwai wata 'yar roba mai fukafukai a cikin famfon da ke zuƙo ruwan tafki ya sanyaya inji. Idan aka bar ta ta bushe ta tsattsage, fukafukan kan kakkarye su toshe hanyar ruwa, inji ya ɗau zafi cikin 'yan mintoci. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, shi ya sa masu hankali ke canza ta a farkon kowace kakar wasa. Juyen baƙin mai ana yin sa ne kamar duk bayan awa 50 na aiki ko sau ɗaya a shekara. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa kuma, wanda bai tsiyaye ruwan cikin inji ba kafin hunturu zai tarar ƙanƙara ta tsage masa gangar injin, ko da jirgin ya fi na kowa tsada a bakin tafkin. An sha kawo mini irin wannan, mai shi yana mamakin yadda man injinsa ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara.

Inda ake rage kuɗi a masu araha shi ne abin da ido ke gani da abin da hannu ke taɓawa. Ledar kujeru ba ta kai kauri ba, ɗinkin yakan riga sakewa idan rana ta dake shi, mariƙai da 'yan ƙarafan ƙofofi ba su kai nauyi ba, abin da ke rage ƙarar inji kaɗan ne, wani lokaci kuma tirelar da ake ɗora jirgin ba ta kai ta manyan inganci ba. Waɗannan abubuwa ne da ke tsufar da jirgi a ido, amma ba su ne ke barin mutum a tsakiyar ruwa ba.

Akwai ma inda mai tsadar ya fi ba da wahala idan ya tsufa, kuma ina so ka riƙe wannan tun da na hannu kake tunanin saye. Manyan jiragen sun fi cika da na'urori: allon da ake shafawa wanda ke sarrafa komai, famfunan cika tankunan ruwa da ke ƙara wa jirgi nauyi, faranta masu motsi a baya, amsa-kuwa da fitilu. A wasu, idan allon nan ya mutu ba ka da ikon kunna famfo ko ganin zafin inji, kuma samun irinsa bayan shekaru goma yakan zama aiki. Jirgin da ke da maɓallai na gargajiya kuwa, kowane mai gyaran waya zai iya bin sa da mita ya gano inda ya yanke.

Hajiya Mai Lissafi ta amsa:

Malam Bakanike ya yi bayani mai gamsarwa a kan ƙarko, ni kuma zan tsaya a kan maganar sayarwa, domin na lura a nan ne ake yawan ruɗa mutane.

Gaskiya ne cewa manyan sunaye sun fi riƙe daraja, amma sai a tambaya da wane ma'auni aka auna. Masu wannan magana da kashi cikin ɗari suke aunawa, alhali abin da ke fita daga aljihu kuɗi ne. Ga lissafi na misali kawai, ba farashin wani jirgi ba. A ce ka sayi ɗaya a kan dala 100,000, bayan wasu shekaru ya rasa kashi 30, ka yi asarar 30,000. Wani ya sayi nasa a kan 60,000, ya rasa kashi 40, asararsa 24,000. Na farko ne zai yi alfahari cewa jirginsa ya fi riƙe daraja, amma na biyu ne ya fi shi sauran kuɗi a hannu, tun ba a ma shigar da bambancin inshora da kuɗin ruwa ba idan bashi aka ci aka saya.

Sai dai zaɓin da ke gabanka ba sabo da sabo ba ne, kuma wannan ya sauya lissafin gaba ɗaya. Faɗuwar farashi ta fi tsanani a shekarun farko, daga nan sai ta riƙa lafawa. Idan ka sayi sabon mai araha, kai ne za ka ɗauki wannan faɗuwar ta farko, abin da za ka samu a madadinta shi ne garanti da kwanciyar hankalin cewa babu wanda ya wulaƙanta shi kafin ka. Idan kuwa ka sayi babban suna na hannu, wani ya riga ya ɗauke maka mafi nauyin asarar, kai kuma ka gaji duk abin da ya ɓoye. A ra'ayina, wanda ke da niyyar sayarwa cikin shekara uku ko huɗu ya fi dacewa da na hannun, wanda kuma zai riƙe jirgi har yaransa su girma bai kamata maganar sayarwa ta dame shi sosai ba.

Akwai wata fa'ida ta babban suna da ba ta fitowa a farashi, wato saurin samun mai saye. Kamfanin Correct Craft, mai Nautique, yana nan tun 1925, MasterCraft tun 1968, Malibu tun 1982, kuma wannan daɗewa ta tara musu mabiya da diloli da masu sayar da kayan gyara, har ta kai tsohon jirginsu ma yana da masu nemansa da suna. Abin gudu na gaske shi ne jirgin kamfanin da ya rufe, domin ko da injinsa na kowa ne, gilashin gaba da sassan jikin da shi kaɗai ke yin su sun tafi tare da shi, masu saye kuma sun san haka. Moomba da Axis ba sa cikin wannan rukuni.

Ina kuma roƙonka kada ka ɗauki labarin 2020 da 2021 a matsayin ma'auni. A lokacin annobar korona mutane sun yi rububin sayen jirage, kamfanoni suka kasa biyan buƙata, har wasu suka sayar da na hannu a kusan abin da suka saya. Da kuɗin ruwa ya hau daga 2022, kasuwar ta huce. Wanda zai ba ka labarin cewa bai yi asarar ko kwabo ba, tambaye shi a wace shekara ya saya, a wace ya sayar.

Ɗan Zamiya ya amsa:

Da girmamawa ga Malam Bakanike da Hajiya, akwai jimla ɗaya a tambayar da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba, inda mai tambaya ya ce yana koyon zamiya a kan katako ɗaya. Wannan ta fi sunan kamfani muhimmanci.

Jirgin zamiya na asali injinsa a tsakiya yake, sandar farfela ta miƙe kai tsaye ta ƙarƙashi, an ƙera cikinsa ne don tudun ruwan da yake bari a baya ya zama ƙarami kuma mai laushi, saboda mai zamiya yana ratsa wannan tudun da gudu sau shida kafin ya gama zagaya alamomi shida. A gasar manya ana jan maza a kilomita 58 cikin awa, mata a 55, kuma a wannan gudun tudu mai tauri yakan jefar da mutum ko ya bugar masa da gwiwa. Sababbin jiragen Axis da Moomba kuwa injinsu a baya yake, an yi su ne don su tayar da babban tudu ga masu tsalle da masu hawan igiyar ruwa. Ba laifin araha ba ne, aikin da aka ƙera su dominsa ne daban. Shi ya sa sunayen da aka saba gani suna jan gasa su ne Ski Nautique, wanda ya fara fitowa a 1961, da ProStar na MasterCraft, da Response na Malibu. Moomba ta taɓa yin wani mai inji a tsakiya mai suna Outback, ana samun sa a kasuwar na hannu, kuma ya ishi mai koyo.

Game da sayarwa, masu neman irin wannan jirgi ba su da yawa, amma sun san abin da suke so, abu na farko da za su tambaya kuma shi ne na'urar da ke riƙe gudu. Jirgin da ke da Zero Off, wadda ke aiki da tauraron ɗan'adam kuma ita ake amfani da ita a gasa, ya fi samun mai saye a cikinmu fiye da mai tsohuwar PerfectPass. Sai dai in faɗa maka abin da za ka rasa: murfin inji ya cinye tsakiyar jirgin, wurin zama kaɗan ne, kuma ba a zama a bayan sandar ɗaure igiya yayin da ake jan mutum. Idan baƙinka na da yawa, iyalinka za su ji wannan a jikinsu.

Sabon Shiga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayanin Ɗan Zamiya ya sa na karkata ga na hannu mai inji a tsakiya, tun da yarana ƙanana ne kuma ba mu cika fita da jama'a da yawa a lokaci ɗaya ba. Malam Bakanike, tun da Hajiya ta ce zan gaji abin da mai shi ya ɓoye, me ya kamata in duba kafin in biya, kuma awa nawa ne ya yi yawa a jikin inji?

Tsohon Bakanike ya amsa:

Mutane kan tsorata idan sun ga agogon inji ya haura awa 1,000, amma ni na fi natsuwa da irin wannan idan mai shi ya ajiye rasit ɗin sabis shekara bayan shekara, a kan wanda ya yi shekaru a ajiye da tsohon fetur a tanki, robobinsa duk sun bushe. Ka sa a jona kwamfuta a karanta ainihin awannin daga ƙwaƙwalwar injin, domin agogon gaba ana iya canza shi. A auna matsin kowace silinda a ga ko sun yi kusa da juna. A bayan jirgin ta hannun dama akwai lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 12, a yawancin jirage biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin, sai ka gwada ta da abin da ke cikin takardu.

Idan jirgin na shekarun 1980 ne ko farkon 1990, ka tambaya ko ƙashin da ke riƙe daɓensa da injinsa na katako ne, domin kamfanoni sun bar katako sun koma faiba a lokuta daban-daban. Ka taka ko'ina a daɓen da diddige, musamman gefen inji. Inda ya lotsa, ruwa ya shiga katakon ya ruɓe, gyaransa kuma yakan kusan cinye kuɗin jirgin. Ka nemi a bar maka injin da sanyinsa ka tayar da kanka, sannan kada ka yarda da gwaji a kan tirela kawai. A saka shi a ruwa, a ja mutum da shi, kai kuma ka zuba ido a kan allurar zafi da ta matsin mai, ka saurara ko akwai karkarwa daga sandar farfela, bayan an dawo ka ɗaga murfi ka ga yawan ruwan da ya taru a ƙasa. Mai jirgin da ya ƙi amincewa da wannan gwaji, ka bar masa kayansa ka nemi wani.