Na'urar ji tana ƙara sauti, amma dattijo bai rarrabe magana cikin hayaniya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu gwajin ji da saita na'urar taimakon ji, kan wani lamari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Dattijo ne mai shekara 74. Gwajinsa ya nuna raunin jin da tsufa ke kawowa: daga 250 zuwa 1000 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, lamba babba na nufin sauti siriri) lafiya lau, daga 2000 Hz ji ya fara sauka, a 4000 Hz raunin ya kai 65 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne) a kunnuwa biyun. Babu dauɗar kunne, dodon kunne ma lafiyarsa ƙalau. Baƙaƙe irin su s, sh da f ne ke ɓace masa.

Ga inda aka cije. Idan aka sa masa na'urar da robar da ke toshe ramin kunne gaba ɗaya, sai muryarsa ta riƙa amsa masa kamar yana magana cikin tulu, ya cire ta. Idan aka sa mai huda, wannan ya tafi, amma da zarar an ƙara ƙarfi a 3000 zuwa 4000 Hz sai na'urar ta fara fito, domin sautin na zurarowa ya koma makirfo. Hudar milimita 2 ta rage duka biyun, amma ba ta kawar da ko ɗaya ba. A ɗaki shiru yana fahimta, mutum uku su haɗa baki kuwa sai ya yi ta cewa "na'am?"

A ganina ƙarin ƙarfi ba zai warware wannan ba. Shin a kunna tsarin na'urar da ke mayar da siraran sautuka su zama masu ɗan kauri, ko a koma makirfon da ake maƙala wa mai magana? Kuma wane gwaji ne zai nuna ko matsalar ta koma wajen yadda ƙwaƙwalwa ke tace magana?