Dusar ƙanƙara a ƙofa, keken ɗinki a ɗaki: yadda muke cin hunturu

Maman 'Yan Biyu, Winnipeg:

Assalamu alaikum. Akwai iyalai da suka iso Kanada a bana, kuma tambayarsu ba ta wuce biyu ba: wa ke da alhakin kwashe dusar ƙanƙarar da ta taru a ƙofar gida, sannan me mutum zai yi da kansa a cikin gida tun daga Nuwamba har Maris? Ina roƙon waɗanda suka daɗe su faɗi yadda suke yi, ni kuma zan fara da namu.

A Winnipeg hukumar birni ce ke share titi da hanyar masu tafiya a ƙasa, amma daga ƙofar gida zuwa bakin titi aikin mai gida ne. Wanda garejinsa ke lungun bayan gida ya fi shan wahala, domin motar share hanya takan bar masa tudun ƙanƙara a bakin gareji, kuma idan ya bari ya kwana, da safe shebur ba zai iya huda shi ba. An raba unguwanni shiyya-shiyya da haruffa, don haka wajibi ne kowa ya san harafin shiyyarsa, ya ɗauke motarsa daga titi a lokacin da aka sanar za a share shiyyar, in ba haka ba ya iske takardar tara ko ya tarar an janye motar.

Game da zaman gida kuwa, mu mata muna haɗuwa duk Asabar a ɗakin ƙasa na gidan ɗaya daga cikinmu, kowa da abin ɗinkinta. A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, saboda haka Azahar da La'asar da Magariba duk a wurin muke yin su, tsakanin yanka da ɗinki.

Baban Yara, Calgary:

Wa alaikumus salam, Hajiya. A nan dokar ta bambanta, kuma ya kamata sababbin zuwa su san cewa kowane birni da tasa. A Calgary mazaunin gida ne zai share hanyar masu tafiya a ƙasa da ke gaban gidansa cikin awa 24 bayan dusa ta daina sauka, kuma tarar farko dala 250 ce. Babbar matsalarmu ita ce iskar ɗumi da ake kira Chinook, wadda ke gangarowa daga duwatsun yamma ta narkar da dusa da rana, da dare kuma ruwan ya daskare ya zama santsi. Wanda ya ce zai bari iska ta yi masa aikin, shi ne zai wayi gari yana sassaƙar ƙanƙara da ƙarfe. Gishirin da ake barbaɗawa ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifiri ya ci gaba da sauka, don haka a irin wannan rana yashi ko tsakuwa ƙanana sun fi amfani.

Mu mazan da matanmu ke zaman ɗinki mun mayar da abin aikin gayya. Gidan da za a taru, da safe muke zuwa mu share shi har gefen titi inda za a ajiye motoci, domin babu yadda za a yi mace mai goyo, ga keken ɗinki a hannu, ta tsallake tudun dusa. Ɗaya daga cikinmu yana da injin da ke tsotse dusa ya watsar gefe, shi ke yin gaba, mu kuma mu bi da shebur mu gyara matakala.

Anti Nas, Minneapolis:

Malam, Allah ya saka da alheri, amma bari in ƙara abin da aikina ya nuna mini. Kwasar dusa aiki ne mai nauyi ga zuciya, domin sanyi yana matse jijiyoyin jini a daidai lokacin da mutum ke ɗaga kaya, kuma dusa mai ruwa-ruwa ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba. Dattijo ko mai hawan jini ya bar wa matasa, wanda kuma dole ya yi ya riƙa turawa maimakon ɗagawa, ya huta a tsakani. Abu na biyu, a duba bututun da injin ɗumama gida ke fitar da hayaƙi ta jikin bango, domin idan dusa ta toshe shi, iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi za ta koma cikin gida. Haka ma salansar mota, a buɗe bakinta kafin a tayar da inji. Masu taruwa a ɗakin ƙasa, inda injin ɗumama yakan kasance, su tabbatar akwai na'urar da ke ƙara idan wannan iskar ta taru.

Hajiya Babba, Edmonton:

Ni batun ɗinkin ne ya jawo ni, domin shi ne ya riƙe ni a garin da a tsakiyar hunturu rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe tara saura. A gida ban taɓa riƙe almakashi da niyyar yanka atamfa ba, tela ake aika wa. A nan kuwa kuɗin ɗinki ya yi tsada, aikawa Kano kuma sai ka jira mai tafiya, kayan su dawo yaro ya riga ya fi ƙarfinsu. Wata 'yar'uwa da ta koyi sana'ar a Zariya ita ce malamarmu. Ita ke yin awo da yanka, mu kuma mu haɗa. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma ta koya mana yadda za a fitar da riga da siket da ɗankwali daga ciki ba tare da ɓarna ba.

Abin da muka ƙirƙiro da kanmu shi ne shafi mai kauri. Atamfa da shadda ba a yi su don wannan sanyi ba, shi ya sa muke sa wa rigunan yara yadi mai laushi da ɗumi daga ciki, mu kuma faɗaɗa hannu kaɗan don rigar sanyi ta shige ƙarƙashi. Ragowar ƙyallaye ba ma zubarwa. Muna haɗa su, a sa auduga a tsakiya, su zama bargo, kuma duk wadda ta haihu ita ke da na gaba. A 2026 azumi ya kama daga bayan tsakiyar Fabrairu, Sallah ta zo a Maris, don haka ɗinkin Sallah gaba ɗaya ya faɗo cikin ƙanƙara, kuma haka zai ci gaba da matsowa tsakiyar hunturu a shekaru masu zuwa.

Gaskiya ba duk mai zuwa ce ke ɗinki ba. Akwai wadda ba ta taɓa sa zare a allura ba, kunun gyaɗa kawai take kawowa ta zauna, kuma ni a ganina ita ce ta fi kowa buƙatar zaman, domin mijinta na aikin dare, da rana yana barci, ita kuma ba ta tuƙi. Idan ba ta zo ba, mukan aika a ɗauko ta.

Ƙanwarku, Berlin:

Ina gaida iyaye da yayye. Dusarmu ba ta kai taku ba, amma dokar Jamus tana da tsauri. A nan Berlin, a ranakun aiki dole hanyar gaban gida ta kasance a share daga ƙarfe bakwai na safe zuwa takwas na dare, kuma a wasu gidajen haya mai gida yakan ɗora aikin a kan 'yan haya ta cikin yarjejeniyar haya, a riƙa yi bi da bi. A Berlin an hana mutane zuba gishiri a hanyar masu tafiya a ƙasa saboda yana kashe bishiyoyi, sai yashi ko tsakuwa. Ɗakunanmu ƙanana ne, maƙwabta kuma ba sa son ƙarar keke ranar Lahadi, shi ya sa muka koma ɗinkin hula da hannu. Hajiya, ina da tambaya: ƙawata za ta koma Kanada, shin ta tafi da kekenta na lantarki?

Hajiya Babba, Edmonton:

'Yata, ki ce mata ta sayar da shi a can. Wutar Jamus, kamar ta Najeriya, volt 230 ce, ta Kanada kuwa 120, kuma na'urar sauya wuta mai ƙarfin jan keke nauyi ce da ƙarin kuɗi. Kekunan Singer da Brother da aka taɓa amfani da su suna da yawa a nan, wasu ɗakunan karatu na birni ma suna da keken da ake amfani da shi kyauta. Abin da za ta cika jaka da shi shi ne atamfa da leshi da zaren surfani, sai man kaɗanya mai yawa, domin busasshiyar iskar ɗaki tana fasa yatsu har zare ya riƙa maƙalewa a jiki.