Wai yaya za mu ce "agreje" da Hausa?

1/ Jama'a, ku matso mu yanke wata magana. Ɗan baffana ya haye gasar CAMES ta malaman jami'a a fannin tarihin dokoki, an kuma tabbatar da shi a tsangayar shari'a ta jami'ar Ngaundere da ke Dang. Aka ɗora mini rubuta katin walima da Hausa. Ina isowa kan kalmar agrégé, laƙabin da ake ba wanda ya ci gasar da Faransanci, alƙalami ya cije.

2/ Inna ta ce, "Kai dai rubuta farfesa, ka huta." Ba za ta yiwu ba, Inna. Matakan malamin jami'a a nan Kamaru huɗu ne, kuma wanda ya ci gasar nan a na uku yake sauka, wato metir da konferans. Kujerar farfesa sai ya ƙara shekaru da rubuce-rubuce. "Shehin malami" ma haka, riga ce da ta fi shi girma yanzu.

3/ Don a gane abin: CAMES majalisa ce ta ilimi mai zurfi, an kafa ta a Yamai a 1968, hedikwatarta na Wagadugu, Kamaru da Chadi duk suna ciki. Gasar masana doka sai bayan shekara biyu-biyu. Kana da digirin dakta tuni, amma a zaunar da kai gaban manyan malamai daga ƙasashe daban-daban, su bi rubuce-rubucenka layi-layi. In ka tsira, ka zaro maudu'i ta ƙuri'a, a kulle ka da littattafai wuni guda, ka fito ka ba da darasi. A kowane zagaye ana zubar da wasu.

4/ Wani abokina a Kusiri ya ce "mai ijaza". Ta yi kusa, sai dai ijaza malaminka ne yake ba ka, wanda ya san ka. Nan kuwa baƙi ne suke tankaɗe ka. Wata ta ce "tantantacce". Wannan kam sai ka ce irin masara ake sayarwa.

5/ Ni gwani na zaɓa. Daga Marwa har Njamena kowa ya san Goni, wato gwanin Alƙur'ani: ba mai laƙaba wa kansa, sai gwanaye sun saurare shi sun sallama. Saboda haka agreje shi ne "gwanin jami'a", gasar kuma "gasar gwaninta".

6/ Baffa, da yake alaramma ne, ya ɓata rai. Ya ce, "Yaro, gwani na masu allo da tawada ne." Na ce, "Allah gafarta malam, ai tsangayar ma an riga an ara, da ita 'yan'uwanmu na Najeriya suke kiran fakulte. In an yarda da tsangaya a jami'a, wa zai zauna cikinta in ba gwani ba?" Ya yi shiru, can ya ce to kada a kuskura a yar da "jami'a" ɗin daga jikinta. Na amince.

7/ Saura ƙaramin gyara. Na fara rubuta "tarihin shari'a", maƙwabta suka ɗauka fiƙihu ya karanto. Aikinsa kuwa yadda kotunan alƙalan lamiɓe, wato sarakunan Fulani, suka zauna da dokar Jamus, sannan da kundin dokokin Napoleon na 1804 da Faransa ta shigo da shi. Na mai da shi "tarihin dokoki".

8/ Kati ya tafi ɗab'i da "Gwanin Jami'a a Tarihin Dokoki". Mai wadda ta fi ta ya kawo, walimar sai Asabar a Garwa, akwai sauran lokacin gyara kyallen sanarwa.