Ta yaya Tolemi na Farko ya riƙe Masar alhali baƙo ne?

Ɗalibi: Assalamu alaikum malamai. Iskandar Mai Girma, sarkin Makidoniya, ya rasu a Babila a 323 kafin Miladiyya, aka raba daularsa, Tolemi ya samu Masar. Mutumin Makidoniya ne, ba ɗan ƙasa ba. Me ya yi har zuriyarsa ta yi mulki zuwa shekara ta 30 kafin Miladiyya?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ya fara da gawar Iskandar. Ana kan hanyar kai ta Makidoniya ya tare ayarin a Sham, ya karkatar da ita Mamfis, tsohon babban birnin Masar, don wanda ke riƙe da kabarin shi ake gani magaji. Fardikas, mai riƙon daular bayan Iskandar, ya taso da yaƙi, amma wajen ƙetare Nilu ruwa ya ci sojojinsa da yawa, hafsoshinsa suka kashe shi. Duk da haka Tolemi bai yi gaggawa ba, gwamna ya ci gaba da kiran kansa har wajen 305, sannan ya kira kansa sarki.

Sai firistoci. Akwai allon dutse na 311 da ke nuna ya mayar wa haikalin garin Buto gonakinsa. Firistocin nan su ke da rubutu, jama'a kuma na jin maganarsu, saboda haka ya lallaba su.

Mai Lissafi: Allah ya gafarta malam, a ƙara da batun kuɗi, nan ne dabarar take. Tsabar azurfa ta dirhami huɗu a ma'aunin Atina giram 17 ce da ɗan kai. Ya rage tasa zuwa kusan giram 14, aka kuma hana kuɗin waje yawo a cikin ƙasa. Ɗan kasuwa ya sauka Iskandariyya sayen alkama, dole ya canza, rarar azurfar ta shige baitulmali. Sojoji kuwa gona aka ba su maimakon albashi kullum, musamman a Fayyum. Mahayin doki kan samu arura 100, kimanin hekta 27.

Uwar Ɗaki: Gaskiya ne, amma a nan ɓarakar take. Soja da manyan muƙamai galibi na masu jin Girkanci ne, Bamisire kuwa noma da haraji. A yaƙin Rafiya na 217 Tolemi na Huɗu ya rasa isassun mayaƙa, ya ba Misirawa kusan 20,000 makamai. An ci yaƙin, amma daga 206 zuwa 186 yankin Tibis, a kudancin Masar, ya ɓalle, ya naɗa nasa fir'aunoni.

Ɗalibi, ka kula da hasumiyar Faros, mai haska wa jiragen ruwa hanya a Iskandariyya: a zamanin Tolemi na Farko aka fara gininta, ɗansa Tolemi na Biyu ne ya kammala.