Wa ya kalli Battlestar Galactica? Maganar Ellen da mijinta ta raba mu da uwargida

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abokina ne a fadarmu ya zuba min wannan seri a kile, Battlestar Galactica, wadda aka yi daga 2004 zuwa 2009, sezon 4 ce, bersiyon faranse. Da farko na ɗauka harbe-harben kumbo ne kawai, ashe labarin 'yan gudun hijira ne tun daga farko har inda na kai. Ga wanda bai sani ba, duniyoyi 12 ne na mutane, sai na'urorin da su da kansu suka ƙera, Cylon (wasunsu da siffar mutane suke), suka yi musu ruwan nukiliya a rana ɗaya. Waɗanda suka tsira kamar dubu 50 ne, suna cikin jirage suna ta gudu, ba gida ba gona ba kabarin iyaye, ruwan sha ma sai an auna.

Ni da uwargida muke kallo da dare in yara sun yi barci kuma kuran bai ɗauke ba. Yanzu mun shiga sezon 3 (wanda bai kai nan ba ya yi haƙuri ya tsallake). Bayan sun sauka wata sabuwar duniya da suka sa wa suna New Caprica sun kafa tantuna sai Cylon suka zo suka mamaye su, suka kama Kanal Saul Tigh suka cire masa ido ɗaya. Matarsa Ellen ta ba da kanta ga wani Cylon don a sako shi, daga baya da aka ce za a sake kama shi sai ta miƙa musu taswirar inda 'yan gwagwarmaya za su haɗu, aka yi musu kwanton ɓauna mutane suka mutu. Da asiri ya tonu shi mijin da hannunsa ya ba ta guba a kofi, ta mutu a jikinsa yana kuka.

Ni na ce cin amana ta yi, jinin mutane yana wuyanta. Uwargida ta ce a'a, mata ce ta tsaya wa mijinta lokacin da kowa ya bar shi a kurkuku, kuma shi ne ma ya ci amanar. Kwana uku ke nan ba mu ci gaba da kallo ba saboda wannan. Ku me kuka gani? Kuma me ya sa da saukarsu duniyar nan kowa ya hau aure, alhali tanti ne da sanyi da taɓo?

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam. Malam ka gaida min madam, ina bayanta ɗari bisa ɗari. Ban ce abin da Ellen ta yi daidai ne ba, astagfirullah, zunubi ne babba kuma rayuka sun salwanta, amma ku maza kuna kallon taswirar ne, mu kuma muna kallon matar da aka ce mata gobe za a dawo a ɗauki mijinki kuma ta riga ta ga yadda ya dawo karon farko. Wa za ta kai wa kuka a wurin nan? Ba uba ba wa ba waliyyi ba alƙali. A nan Damagaram ko yaji mace ta yi tana da gidan da za ta je, akwai gwaggo akwai kawu da za su zaunar da ita su ce ke kar ki yi kaza. Ita ba ta da kowa sai wannan mijin mashayi, kuma duk da rigimar da suke yi kullum shi ne dai nata. Ni abin da ya sa ni kuka shi ne bai ba ta ko damar tsayawa gaban jama'a a yi mata shari'a ba.

Malamin Lekwal:

Ɗan Birni, tambayarka ta biyu amsarta tana tun sezon 1. Ka tuna allon da shugaba Laura Roslin take rubuta adadin mutanen da suka rage? A epizod ɗin da ake kira 33, wanda Cylon ke riskarsu duk bayan minti 33, kullum ragewa take yi, sai a ƙarshe aka zo aka ce mata an haifi yaro a wani jirgi, ta goge ta ƙara ɗaya ya zama 47,973. Daga nan haihuwa ta zama maganar gwamnati, har a sezon 2 Roslin ɗin ta hana zubar da ciki duk da a da ba ra'ayinta ba ne, don an nuna mata in aka ci gaba a haka ƙarewa za su yi. Ita kanta a da ministar ilimi ce, ta 43 a layin gadon shugabanci, duk na gabanta sun mutu. To mutanen da suke ƙirga kansu haka in sun samu ƙasa sun taka aure za su yi.

Sai dai ba duka auren ba ne na Allah da Annabi. Na Lee da Dualla da na Starbuck da Anders in ka kai epizod ɗin dambe za ka ga yadda aka ɗaura su, auren huce haushi ne. Kuma serin nan ba wasa aka ɗauke ta ba, a watan Maris 2009 Majalisar Ɗinkin Duniya ta gayyaci masu yin ta da 'yan wasanta New York aka tattauna kan haƙƙin ɗan adam da yara a yaƙi.

Baƙon Damagaram:

Ni ban cika magana a nan ba amma wannan ta taɓa ni. Mu a Fabrairu 2015 muka baro Diffa lokacin da aka kawo hari, a bayan babbar mota, ni da maiɗakina da yara uku, muka sauka gidan wani ɗan uwan mahaifina a Sabon Gari, Allah ya saka masa da aljanna. Wata bakwai muka yi. Ita tana ɗakin mata da yara, ni ina zaure da samarin gidan. Wallahi a wata bakwai ɗin nan ban tuna ranar da muka zauna mu biyu muka yi magana ta minti goma ba tare da wani na ji ba. In ta ɓata min rai ba wurin faɗa, in na ɓata mata ba wurin lallashi, sai abu ya yi ta taruwa a ciki. Ga shi ni da nake da shago na dawo ina jiran a miƙo min tuwo, kuɗin garuwa ma sai mai gida ya biya, kuma kun san yadda ruwa yake a garin nan lokacin zafi, bidon ɗaya da yarana suka ƙarar sai na ji kamar na nutse ƙasa. Sai na zama mai saurin fushi, ita take shan fushin don ita ce kusa.

Shi ya sa ni a serin nan ba Ellen ce ta fi tsaya min ba, Tyrol ne da matarsa Cally bayan sun koma jirgi, ɗan ƙurƙutun ɗaki, jariri na kuka, su biyu aiki ɗaya suke dare da rana, faɗa kan wa zai riƙe yaro. Da kuma wurin ajiye jirage da aka mayar sansani aka rarraba da labule da bargo. Wanda ya tsara wannan ya san abin. Na je na ga 'yan uwanmu da suka zauna bakin titi bayan harin Bosso na 2016, haka yake, tabarma da leda ne tsakaninka da maƙwabci, tarinka ma yana ji.

Maganar Ellen kuwa Ɗan Birni, ni ba zan yanke ba. Na ga mutanen kirki sun yi abin da ba su taɓa zaton za su yi ba don buhun hatsi ɗaya. Amma ka lura da Helo da Sharon, shi ya auri Cylon, kowa na zaginsa, aka kulle ta, aka ɗauke musu 'yarsu Hera aka ce musu ta mutu, kuma duk da haka aurensu ya fi na kowa tsayuwa, a ganina don ba sa ɓoye wa juna komai ne. Ellen da ta gaya wa Saul tun ranar da aka fara yi mata barazana, ƙila da ba a kai ga kofin nan ba. Mu ma sai ranar da na kama ɗaki ɗaya na haya muka rufe ƙofa na ce mata ki yafe min, sannan ta gaya min ta sayar da 'yan kunnenta na zinare tun wata na biyu don ta riƙa sa hannu a cefanen gidan kar a ce mun zama kaya.

Na Zango:

Allah ya kiyaye gaba Yaya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ni dai tunatarwa ce, akwai wuraren da ba su dace ba a ciki, da giya da maganar alloli barkatai, a riƙa tsallakewa kuma ban da yara. Ɗan Birni kar ku tsaya a nan, maganar Saul da Ellen ba ta ƙare ba, iya abin da zan faɗa ke nan.

Ɗan Birni:

Amin. Na gode ƙwarai. Yaya Baƙo na karanta wa uwargida naka jiya, da na kai wurin 'yan kunnen sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta jima kafin ta fito. Har yanzu ina ganin mutanen da suka mutu a kwanton ɓaunan nan su ma mazan wasu ne, kuma na gaya mata haka, ta ce ta yarda da wannan amma ba ta yarda da gubar ba. Yau da dare in akwai kuran za mu ci gaba. Malam, epizod ɗin damben na nawa ne?

Malamin Lekwal:

Na 9 ne a sezon 3, kun kusa.