Shawarar direbobin Tawa kan kwazazzaban Adar

A wata hira da aka yi kan yawon buɗe ido a kwarin Keita da Majiya, cikin jihar Tawa a Nijar, iskar taya direbobi suka fi nanatawa. Cikin yashin korama a rage ta zuwa bar 1.5 a ma'aunin iska, a sa kat-kat (tayoyi huɗu duka su ja), a tafi da giya ta 2 ba tsayawa. Da an hau duwatsu a mayar da iskar da famfo, don dutse kan yanka gefen taya, wurin kuwa faci bai kama shi. In mota ta kafe a daina taka totur, ƙara nutsewa take. A tona, a shimfiɗa itace ƙarƙashin taya.

A tafi da mota biyu, ruwan sha lita 5 kowane mutum a yini. Da damina kada a yada zango cikin korama, ruwan da aka yi nesa yakan kwararo ko babu hadari.