Me za mu kira "thriller" da Hausa?

Jama'a, kalmar nan ta Turanci, sunan wani nau'in fim, ta daɗe tana damuna. Duk sanda zan ba wani labarin Andhadhun, fim ɗin Sriram Raghavan da ya fito a 2018, sai na rasa a wane gida zan ajiye shi. Mu da muka tashi da kallon Indiya rabe-rabenmu kaɗan ne: na soyayya, na faɗa, na ban dariya, na ban tsoro. Wannan fim bai shiga ko ɗaya ba.

Wani abokina ya ce a kira shi fim ɗin ban tsoro. Ban yarda ba. Da ka ce ban tsoro, hankalin Bahaushe kan aljanu da fatalwa yake tafiya, nan kuwa babu ko ɗaya. Wani ya kawo "mai ɗaukar hankali", to ai waƙa mai daɗi ma tana ɗaukar hankali. "Na bincike" ya dace da Kahaani na 2012, inda mace ke bin sawun mijinta a Kolkata, amma a Andhadhun mai kallo ya san wanda ya yi kisan tun da wuri. Ba abin da ake bincike.

Ku dubi wurin da ya fi tsaya mini a rai. Akash, wanda Ayushmann Khurrana ya fito a matsayinsa, makaɗin fiyano ne a birnin Pune, yana makantar ƙarya. Ya je gidan wani tsohon jarumin fim zai yi kiɗa, matar gidan, wadda jaruma Tabu ta fito a matsayinta, ta shigar da shi. Yana zama ya ga gawar maigidan kwance a ƙasa. Idan ya razana, asirinsa ya tonu, shi ma ya bi. Sai ya ci gaba da kiɗa, ana cusa gawar cikin akwati a gabansa, kusan ba mai cewa uffan. Ba naushi, ba tseren mota. Amma ni numfashina tsayawa ya yi. Da ya je kai rahoto kuma, ɗan sandan da ya tarar shi ne kwarton matar.

Wannan abin da ke kama ƙirjin mai kallo, Hausa tana da sunansa: zullumi. Fargaba takan zo ta wuce. Zullumi zama yake yi, kana jiran abin da ka san zai iya faruwa, ba ka san yaushe ba. Shi ya sa nake ganin "fim ɗin zullumi" ya fi "na cakwakiya" da wasu ke so, don cakwakiya bayanin ƙullin labari take yi, zullumi kuwa bayanin halin da aka jefa ka.

Kuma ba don ado nake nacewa ba. Idan ba mu da sunan, mai tallan fassara zai ce maka fim ɗin faɗa ne don ka saya, ka kalla ka ji an cuce ka, ka ce fim ɗin ya yi sanyi. Daga nan ake samun maganar cewa fim mai fasaha ba ya kasuwa. Andhadhun ya ƙaryata wannan. An kashe masa kusan rupi miliyan 320, ya kawo sama da biliyan 4, mafi yawa daga Sin bayan an haska shi can a 2019. Ya kuma ci kyautar ƙasa ta Indiya a matsayin fim ɗin Hindi mafi kyau, Khurrana ya samu ta jarumi. 'Yan Sin ba harshen suke ji ba, zullumin ne ya sayar musu da tikiti.

Su kansu masu fim ɗin da kalma suka yi wasa: "andha" makaho, "dhun" sautin kiɗa. Ban ga dalilin da mu za mu tsaya a "tirila" ba. Na gwada a baki: "Yau fim ɗin zullumi nake son kallo." Ya zauna daidai, kuma ƙanwata da ba ta taɓa jin kalmar Turancin ba nan take ta gane nufina. Malaman Hausa da ke nan, ku gwada shi a bakinku ku gaya mini.